Ranar Da Bebiya Ta Yi Magana

SHAFI NA 19

Masu turo min saƙo tun safe wai na rataye ku, na gani. Har da mai cewa za ta zo gida ta ƙwace wayar ta ƙarasa rubutun da kanta. Ki zo, akwai wanki. Sababbin shigowa kuma ga inda muke: Auta ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma. Ita da ƙawayenta suka kafa ƙungiyar sa-kai, duk Asabar suna kai taimako gidan wata mata da kowa ke kira Mama, wadda ke tara ƙananan 'yan mata masu ciki da aka kora daga gida. Mai raunin zuciya ta nemi wadda za ta zauna kusa da ita kafin ta karanta.

*

Tun daga bakin get jikin Auta ya ba ta cewa yau ba lafiya ba.

Ba wani abu ta gani ba. Baba maigadi ya buɗe musu kamar kullum, kansa a sunkuye kamar kullum, ya mayar da sakata tun kafin su gama shigowa. Tsakar gidan a share tas, ko tsinke babu. Hadari ya haɗu ya tsaya cak, bai zubo ba, bai wuce ba, ya sa rana tsaka ta koma kamar magariba.

Igiyar shanya ta kalla. Dogayen rigunan 'yan matan ne reras, duk launi ɗaya, a rataye ba motsi.

Sai wani tunani ya faɗo mata wanda bai taɓa zuwar mata ba. Wata da watanni suna kwaso kayan jarirai suna kawowa gidan nan, 'yan riguna, safa, huluna, tawul. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin rigar jariri a kan igiyar nan ba.

"Ke Auta, kama min kwalin nan mana, hannuna zai tsinke!"

Rediyo ce, ƙawarta tun ajin farko. Sunan ita ta ja wa kanta, don ko a ɗakin jarrabawa sai an tsawatar mata kan surutu. Yau su biyu kaɗai suka zo, sauran 'yan ƙungiya suna can suna fama da karatun jarrabawa.

"Kin tsaya kallon shanya kamar za ki taya. Madara ce fa a ciki da sabulai, ba auduga ba."

Auta ta kama gefe ɗaya, suka shiga.

Gidan asibitin kuɗi ne a da, ya durƙushe, falon ma ɗakin jiran marasa lafiya ne. Bencinan a kafe suke da ƙasa. Tagar da ake miƙo magani an toshe ta da katako. Duk turaren da Mama ke fesawa bai taɓa kashe warin tsohon asibitin ba.

'Yan matan na zaune a jere, kowacce ta ɗora hannu biyu a kan cikinta.

"Sannunku da zuwa, Anti."

Baki ɗaya suka faɗa, murya ɗaya, kamar 'yan firamare.

"Yawwa ƙannena!" in ji Rediyo tana dire kwali. "Ya jiki? Ya nauyi?"

"Da sauƙi. Mama tana kula da mu."

Da can amsar nan dariya take ba Auta. Yau tsigar jikinta ce ta tashi. Babbarsu ba ta wuce shekara sha bakwai ba, amma babu mai wasa, babu mai tsokanar wata, babu mai ko sosa kai.

"Oyoyo 'ya'yana, 'yan albarka."

Mama ta fito daga lungu tana murmushi. Mace ce mai jiki, mai sanyin murya, ba a taɓa jin ta ɗaga harshe ba. Makullan gidan gaba ɗaya a wuyan hannunta suke kamar awarwaro, amma in tana tafiya ko kaɗan ba sa ƙara.

"Yau ku biyu ne kawai?"

"Mu biyu ne, Mama," in ji Rediyo. "Amma ni kaɗai ai na kai mutum biyar."

Mama ta yi 'yar dariya. Idonta dai a kan Auta yake.

Dokar Mama tun ranar farko ɗaya ce. Ku auna jini a hannu, ku raba maganin ƙarin jini, ku yi musu bayanin tsafta da abinci. Ciki kuwa kada a taɓa, tana da nas ɗinta mai zuwa duba su. Ta ce yaran an wulaƙanta su da yawa a waje, ba ta so a mayar da jikinsu allon koyon aiki. Lokacin maganar ta burge Auta har ta ji ƙwalla.

Ta ɗauko na'urar awon jini ta fara bin layi. Mama ta ja kujera ta zauna inda take ganin kowa.

Ta ƙarshe a benci, can jikin taga, ita ce Bebiya.

Ba bebiya ba ce ta haihuwa, haka Mama ta ce, amma tun da suka fara zuwa babu wanda ya taɓa jin muryarta, shi ya sa sunan ya bi ta. Ba za ta wuce sha biyar ba, 'yar siririya, cikin ya fi ƙarfin jikinta. Auta ta fi jin ta a rai fiye da sauran, kullum sai ta ɓoyo mata alewa a aljihu. A lissafin Auta ya ci a ce ta haihu tuni. Da ta tambaya Mama ta ce cikin fari ne, yakan yi nawa.

Ta durƙusa gabanta.

"Ƙanwata, kawo hannun."

Tana taɓa fatar ta kusa janye hannu. Zafi zau, kamar murfin tukunya. Leɓen yarinyar ya bushe ya tsattsage. Kuma a ƙarƙashin turaren Mama akwai wani wari, siriri, wanda Auta ta sani. A ɗakin masu jego ta san shi, a jikin matan da ake dawowa da su asibiti da zazzaɓi bayan sun haihu.

Bayan sun haihu.

Ta ɗago kai. Karo na farko Bebiya ta kalle ta ido cikin ido.

Ta ƙarƙashin mayafi yarinyar ta cafke wuyan hannun Auta. Ƙarfin riƙon ya ba ta mamaki. Ta ja hannun a hankali, ta ɗora a kan cikinta, ta danna.

Hannun Auta ya nutse.

Ciki ba ya nutsewa haka. Ta taɓa cikin mata ba adadi a ɗakin awo. Cikin da ya isa haihuwa tauri gare shi, da ɗumi, in ka daɗe har ka ji an shure ka. Wannan lotsawa ya yi, ya taso a hankali.

Kamar katifa.

"Lafiya dai, 'yata?"

Muryar Mama ce, daf da bayanta. Auta ba ta ji tasowarta ba.

Ta ƙura wa agogon na'urar ido kamar tana karantawa.

"Jininta ne ya hau, Mama."

"Ayya. Ai nas za ta zo gobe."

"Ya hau sosai. Sai ta kwanta a gefen hagu na ɗan lokaci in sake aunawa. In bai sauka ba dole in kira malamarmu ta zo ta gani."

Murmushin Mama bai gushe ba, amma ya tsaya wuri ɗaya kamar na hoto.

"A'a, me zai kai mu ga tayar da malama ranar hutunta? Kwantar da ita ki sake. Mu je in raka ku."

Auta ta miƙe, ta bi ta gefen Rediyo, ta taka mata ɗan yatsan ƙafa da gangan.

"Wayyo! Ke makauniya ce..." Rediyo ta kalli fuskarta, maganar ta maƙale. Surutu gare ta amma ba ta da wauta. Nan take ta juya ta tare gaban Mama da faɗin fuska. "Mama, tsaya, na kusa mantawa! Masu kantin da suka ba mu madarar nan sun ce sai sun ga hoto. Ke a tsakiya, yaran a gefe, kowa da gwangwani a hannu. Kin ga hasken nan tafiya yake, in ruwa ya sauko shi ke nan. Gyara mayafinki, Mama, wallahi yau kin fi kullum kyau, wane mai kike shafawa ne?"

Mama na son hoto. Hotunan ɗalibai da farin kaya a falonta su ne take nuna wa duk wanda ya zo da tambaya.

Ta ɗan tsaya. Ta kalli Auta, ta kalli Bebiya.

"Kada ku daɗe."

*

Auta ba ta taɓa wuce falo ba sai yau.

Lungun dogo ne, ba wuta, ƙofofi hagu da dama. An shafe lambobin ɗakunan da fenti amma suna nan suna leƙowa ta ƙasa. Ta lura da wani abu da ya sa ta ƙara riƙe hannun yarinyar: duk sakatun ƙofofin ta waje suke.

Bebiya ta tura wata ƙofa. Gadon ƙarfe ɗaya, katifar roba, bokiti a kusurwa, taga mai ƙarfuna an lulluɓe ta da labule mai kauri.

"Rufe ƙofar, Anti."

Na'urar ta kusa suɓucewa daga hannun Auta.

Muryar a dishe take, can ƙasa, kamar ta tsohuwa. Auta ta mayar da ƙofa ta jingina da ita.

"Dama kina magana?"

"Ina yi."

"To me ya sa..."

"Wadda ta yi magana da ku wancan karon, washegari ba mu gan ta ba. An ce muku ta koma gida."

Auta ta tuna ta. Wata mai wushirya, mai son tambaya. Har murna suka yi da aka ce iyayenta sun yafe mata sun zo sun ɗauke ta.

"Ba ta koma ba?"

"Ban sani ba. Takalmanta dai suna nan a bayan ɗakin girki."

Yarinyar ta zauna a bakin gado, ta cire mayafi, ta kama gefen rigar ta ɗaga.

Soso ne. Soson katifa, an yanka shi zagaye, an ɗora biyu, an naɗe da bandeji tun daga ƙirji har ƙugu, an ɗaure ta baya inda hannunta ba zai kai ba. Gefen bandejin ya ci fatarta ya yi ja.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Auta ta faɗa, hannu a baki. "Yaushe?"

"An kwana biyu. Bai kai wata ba."

"Ina abin da kika haifa?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Ƙanwata, ina jaririn?"

"Sun ce ya koma."

"Kin gan shi? An nuna miki?"

Ta girgiza kai.

"To me ya sa aka ɗaura miki wannan abin? In ya rasu ai sai a faɗa mana."

"Saboda ku ne."

"Mu?"

"Mama ta ce an riga an faɗa muku biyu sun koma a watan jiya. In aka ƙara na uku za ku fara tambaya, ku kawo malamarku. Ta ce in ci gaba da zama da ciki har ku tafi hutu. In kun dawo sai a ce muku na koma gida."

Auta ta zame ta tsuguna.

Ta tuna yadda suka yi kuka a mota ranar da aka ce jariran nan biyu sun rasu. Ta tuna yadda suka bi aji aji da kwali suna roƙon gudummawa. Yadda ta tsaya gaban ɗalibai tana cewa akwai wata baiwar Allah da ta buɗe ƙofarta lokacin da kowa ya rufe tasa. Yarinya biyu ma su da kansu suka kawo gidan nan, a tasha suka tsince su suna kuka, suka ce ku zo, mun san inda za a riƙe ku.

"A cikin waɗanda ke falo," ta ce, "ke kaɗai ce?"

"Ta kusa da ƙofa ma soso ne."

"Wayyo Allah."

"Sauran nasu na gaske ne. Jira ake."

Jira ake. Yadda ta faɗe shi ba kuka ba fushi, shi ya fi tsorata Auta.

Ta tattaro hankalinta ta miƙe. Ta taɓa goshin yarinyar, ta taɓa wuyanta, ta ƙirga bugun jini da yatsa. Gudu yake kamar na tsuntsu.

"Jini na zuba har yanzu?"

"Kaɗan. Amma yana wari."

"Mararki na ciwo?"

"Kamar ana hura wuta."

"Saurare ni da kyau. Wannan zazzaɓin ba na wasa ba ne, yau ɗin nan ya kamata ki kwana a asibiti. Zan fita in ce jinin bai sauka ba, in kira malama, in kira duk wanda zan kira. Ba zan tafi in bar ki ba, kin ji?"

"Ba asibiti nake so ba."

"Me kike so?"

"Ɗana."

"Ƙanwata..."

"Bai mutu ba, Anti. Na ga wadda ta ɗauke shi."

Daga falo ana jiyo muryar Rediyo sama-sama. "Mama ɗan matso hagu! A'a, hagunki! Ke mai gwangwani, murmushi za ki yi, ba jana'iza muka zo ba!"

Auta ta matsa kusa da gadon.

"Faɗa min."

"Da safe abin ya taso. Aka kai ni ɗakin baya. Nas ɗin ta zo, ba ta ko kalle ni ba. Da ya fito na ji kukansa, mai ƙarfi, har nas ta ce kai wannan da faɗa ya zo. Suka ajiye min shi a nan," ta dafa ƙirjinta, "kafin su yanke cibi. Namiji ne. Ya kama min yatsa."

Ta ɗaga ɗan yatsanta tana kallo kamar har yanzu ana riƙe da shi.

"Sai aka yi min allura. Suka zaci na tafi. Ni kuwa ina ji, idona ne kawai ya yi nauyi. Ina nan kwance aka shigo da wata mata."

"Wace iri?"

"Mai ciki ce. Babban ciki. Na ce a raina ita ma haihuwa ta zo yi. Da ta sunkuya za ta ɗauke shi sai cikin ya goce gefe. Ta sa hannu ta gyara shi."

Bebiya ta kalli soson da ke jikinta.

"Irin nawa ne."

Iska ta taso a waje, labulen ya kumbura ya koma. Ɗakin ya ƙara duhu.

"Kuka take yi," in ji Bebiya. "Ba mugunta a tare da ita, shi ne abin da ya tsaya min. Mama tana cewa ki yi sauri, ita kuwa ta tsaya a kaina. Ta shafa min goshi. Ta ce ki yafe min, 'yar nan, zan riƙe shi da amana."

"Za ki gane ta?"

"Fuskar ban gani sosai ba. Hannun na gani, da ta shafa ni. Akwai tabon ƙuna a bayan hannunta na dama, tun daga nan har nan. Fari, kamar an zuba madara ta bushe. Ta sa agogo mai faɗi ta rufe, amma ya fi agogon girma."

Auta ta kau da kai.

Mata da yawa suna da tabon ƙuna. Duk mai shiga ɗakin girki tana da shi. Haka ta faɗa wa kanta.

"Shi kuma," yarinyar ta ci gaba, "ko cikin dubu zan gane shi. Hannunsa na hagu yatsa shida ne. Na shidan ɗan mitsitsi, yana reto a gefen ƙaramin, kamar ƙwayar wake."

Auta ba ta san lokacin da ta zauna a ƙasa ba.

Yau da safe ta wanke wannan hannun.

Da ruwan ɗumi, a shuɗin baho, tana lallaɓa ɗan yatsan don kada ya maƙale a tawul.

A gidan Yayarta take zaune tun da ta fara makaranta. Yaya ce ta riƙe ta bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa, ita ce komai. Shekara da shekaru da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, ta sha magani har ta gaji, ta sha magana a wurin dangin miji har ta daina zuwa taro. Sai bara Allah ya kawo, gida ya cika da murna. Duk tsawon cikin nan Auta na roƙo, Yaya bari in saurara miki, bari in auna. Yaya na dariya tana kaucewa, tana cewa ba za ki koyi aiki a kaina ba. Ta daina canza kaya in Auta na ɗaki. Da lokaci ya yi ta ce wani asibiti za ta a bayan gari, ba ta son rakiya, ba ta son taro. Ta dawo da yaro namiji kamar an zana shi. Ta ce nono bai zo ba, aka kama madarar gwangwani.

Kuma tun ranar da Auta ta ambaci gidan Mama a gabanta, Yaya ta saki kofi ya fashe, ta ce ki fita daga ƙungiyar nan, ki kama karatunki.

Tabon ƙunar man gyaɗa ne. Tun Auta na ƙarama yake a hannun Yaya. Agogon ma Auta ce ta raka ta suka saya.

"Anti?"

Auta ta ƙura wa ƙasa ido.

"Anti, me ya faru? Kin san ta?"

"A'a."

Da sauri ya fito, tun kafin ta yi tunani. Yarinyar ta zuba mata ido, irin kallon wanda aka daɗe ana yi wa ƙarya har ya san ƙamshinta.

"Kin san ta," ta ce a hankali.

"Ban ce ba."

"Fuskarki ta ce."

Ta sauko daga gadon, soson na reto a gabanta, ta durƙusa ta kama ƙafafun Auta da hannuwa masu zafi.

"Ba zan yi mata komai ba. Wallahi ba zan kai ta ko'ina ba. In gan shi kawai. Yana ci? Yana barci? An yanke masa yatsan? Kada a yanke, Anti, da shi zan gane shi."

"Tashi, don Allah tashi..."

Wayar Auta ta ɗauki ruri a aljihu.

Su duka biyun suka zabura. Ta zaro ta da niyyar kashewa. Sunan da ke kan gilashin ya cika mata ido.

YAYA.

Yatsanta ya zame. Maimakon ta kashe, ta ɗauka.

"Auta?" Muryar ta fito tar a ɗakin da ba motsi. "Kina ina ne? In za ki dawo ki biya ki sayo famfas, na nan sun ƙare. Kuma yaron nan tun da kika fita ya ƙi yin shiru, na yi jijjiga, na yi goyo, ban san me yake so ba. Ji fa."

Sai kukan ya shigo.

Mai ƙarfi, mai faɗa, yana shiɗewa yana dawowa.

Bebiya ta saki ƙafafun Auta.

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙa hannu biyu wajen wayar kamar za ta karɓi abu mai nauyi. A gaban rigarta, sama da bandejin, wuri biyu suka jiƙe, suna faɗaɗa, suna gangarowa.

"Shi ne," ta ce. "Yunwa yake ji."

"Auta? Wa ke magana? Kina ina na ce?"



A lokacin ne Auta ta lura falon ya yi tsit. Babu muryar Rediyo. Ba ta san tun yaushe ba.

Ƙofar ta buɗe a hankali.

Mama ce, ita kaɗai, da murmushinta. Ta kalli soson a waje, ta kalli rigar da ta jiƙe, ta kalli Auta a ƙasa. Ta shigo ta mayar da ƙofa da bayanta.

"Jinin ya sauka?" ta tambaya.

"Ina ƙawata?"

"Tana hutawa. Ta yi surutu da yawa, ta gaji."

Ta sunkuyo, ta zare wayar daga hannun Auta kamar mai karɓar abu a hannun yaro. Ba ta duba sunan ba. Ta kanga a kunne.

"Maman yaro, ni ce."

Daga can ɓangaren kukan jaririn kawai ake ji.

"Tun yaushe na ce miki ki hana ta zuwa? To ga ta nan a ɗakin 'yar, ta ga komai, ta ji komai." Muryar a sanyaye, kamar mai tambayar lafiyar gida. "Ƙanwarki ce, shi ya sa nake tambayarki. Za ki zo ki rufe mata baki da kanki, ko in yi yadda na saba?"